Amfilifaya da Jita a Bakin Iyaka: Tarihin Zaɓen Na'urar Ƙara Sauti Tsakanin Katsina da Maraɗi

1.0 Gabatarwa

Manazarta kiɗa da waƙa na Hausa sun yi aiki mai yawa a kan makaɗa da kayan kiɗansu. Tun cikin 1971 David Ames da Anthony King suka fitar da ƙamus na kiɗan Hausa, a 1975 kuma Ɗandatti Abdulƙadir ya kammala digirinsa na uku a kan Alhaji Mamman Shata, daga bisani Sa'idu Muhammad Gusau ya bi makaɗa ɗaya bayan ɗaya yana tattara tarihinsu. Amma fa akwai wani abu da ya daɗe yana zaune a gefen dandalin kiɗa wanda ba a cika waiwayarsa ba, watau akwatin nan da ke karɓar sauti ya ƙara masa ƙarfi, wanda jama'a ke kira amfilifaya.

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin yadda wannan na'ura ta shigo ƙasar Hausa, da dalilan da suka sa aka zaɓi wani irinta aka bar wani. Mun ɗauki Farfaru, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Jibiya ta Jihar Katsina, a matsayin wurin da za mu tsaya mu duba gabas da yamma, kudu da arewa, domin ƙasar Jibiya ita ce ƙofar da mutane da kaya ke bi tsakanin Katsina da Maraɗi. Tambayar da muka sa a gaba ita ce: me ya sa amfilifaya mai kwalba, wadda makaɗan jita na Turai da Amurka suka ɗauka ita ce sarauniya, ba ta zauna da gindinta a wannan yanki ba, alhali kuwa jita kanta ta sami gida a kudu da shi da kuma arewa da shi? Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, a nan bakin iyaka ba makaɗi kaɗai ke zaɓen na'urarsa ba. Wutar lantarki da hanya da mai gyara da kunnen mai sauraro duk suna da baki a cikin maganar.

2.0 Yadda na'urar take aiki

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu fayyace abin da muke magana a kai. Jita mai lantarki ba ta da ƙoƙo irin na garaya ko molo da zai amsa amon tsirkiya. A ƙarƙashin tsirkiyoyinta na ƙarfe akwai maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan aka taɓa tsirkiya ta yi rawa, sai wannan naɗi ya haifar da 'yar wutar lantarki wadda galibi ba ta kai bolt 1 ba. Wannan wuta ba ta isa ta motsa lasifika ba, sai an ninka ta. Ninkin shi ne aikin amfilifaya.

Hanyar ninki iri biyu ce. Ta farko ita ce ta amfani da wani ƙwan gilashi da aka zuƙe iskar cikinsa, wanda Turawan Ingila ke kira bawul, mu kuwa za mu kira shi kwalba saboda siffarsa. A cikin kwalbar akwai zare da ke yin ja idan ya yi zafi, da wata raga da ke tsakani, wadda 'yar wutar jita ke sarrafa ta, ita kuma ta sarrafa babbar wuta mai ƙarfin bolt 300 zuwa 500. Hanya ta biyu ita ce ta taransista, wadda ba ta da gilashi, ba ta jiran zafi, kuma tana iya aiki da batirin mota mai bolt 12.

Ita kwalba tana da wata ɗabi'a. Idan aka ɗora mata fiye da abin da za ta iya ɗauka, ba ta yanke sautin farat ɗaya ba, sai ta danne shi sannu a hankali, ya yi kauri, ya yi kaushi, ya kuma daɗe bai mutu ba. Wannan kaushi shi makaɗan jita ke bi. Amfilifaya mai ninki da yawa ita ce wadda aka jera matakan ninki uku ko huɗu ko fiye a bakinta, kowane yana tura na gaba da shi, har kaushin ya samu tun kafin a ɗaga ƙara. Ƙaramar kwalbar da aka fi amfani da ita a nan, mai lamba 12AX7, kowane ɓarinta yana da ikon ninki har sau 100. Idan kuma aka ce amfilifaya mai aiki da yawa, a bakin makaɗan Turai ana nufin mai ƙofa biyu ko uku, ɗaya ta sauti garau, ɗaya ta kaushi, wadda makaɗi zai sauya da taka maɓalli da ƙafa. Za mu ga cewa a ƙasarmu kalmar ta ɗauki wata ma'ana dabam.

3.0 Asalinta a Turai da Amurka

John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙera kwalba ta farko a 1904, sa'an nan a 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara mata raga, abin da ya ba ta ikon ninka sauti. A 1932 kamfanin da aka sani da sunan Rickenbacker ya fara sayar da jita mai lantarki, a 1954 kuma Leo Fender ya fitar da Stratocaster, wadda har yau ake ganin ta a hannun makaɗan Agadas. A 1962 Jim Marshall ya kwaikwayi tsarin amfilifayar Fender mai suna Bassman, ya ƙera tasa a Landan.

Abin lura a nan shi ne, injiniyoyin farko aibi suka ɗauki kaushi, suna ta ƙoƙarin kawar da shi. Makaɗa ne suka mai da aibin ado. A 1964 Dave Davies na ƙungiyar Kinks da reza ya tsaga takardar lasifikarsa don ya sami amon da yake so. Da kasuwa ta gane inda aka dosa, sai maƙera suka bi. A farkon shekarun 1970 Randall Smith na Kalifoniya ya jera matakan ninki a cikin amfilifayarsa ta Mesa/Boogie, a 1975 Marshall ya fitar da mai maɓallin ƙara na ƙarshe, wanda ke ba da kaushi ba tare da an kurmantar da jama'a ba. Soldano ta biyo baya a 1987, Peavey 5150 kuma a 1992. A ɗaya ɓangaren, an ƙirƙiro taransista a Amurka a 1947, kuma a 1975 kamfanin Roland na Japan ya fitar da JC-120, amfilifaya marar kwalba wadda ta yi suna wajen sauti garau.

Duk waɗannan an ƙera su ne da zaton akwai wuta tsayayya, da kwalta mai santsi, da kantin sayar da kwalba a kusa, da kuma irin kiɗan da jita ce ke kan gaba a cikinsa. Wanda ya san hanyar Jibiya ya san wannan zato bai faɗa daidai ba.

4.0 Iyaka da hanya

Katsina da Maraɗi tsatso ɗaya ne. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819, kuma har yau Sarkin Maraɗi da sunan Katsina ake kiran sarautarsa. Ingila da Faransa suka raba ƙasar da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, wakilansu Tilho da O'Shee suka bi suna kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Layin ya bar Jibiya da ƙauyukanta, ciki har da Farfaru, a hannun Ingilishi, ya bar Ɗan Isa da Madarumfa a hannun Faransi. Tsakanin biranen biyu kimanin kilomita 90 ne kurum, kuma layin bai hana auratayya da cin kasuwar Jibiya ta ranar Lahadi da gayyatar makaɗa biki ba.

Ta fuskar ciniki kuwa, tun lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 Maraɗi ta zama zangon kayan da ake saukewa a Kwatano da Lome a tsallako da su Nijeriya, kamar yadda Emmanuel Grégoire ya bayyana a littafinsa na 1986 a kan Alhazan Maraɗi. Daga kudu kuma man fetur da kayan masana'antu da kayan lantarki na kasuwannin Ikko da Kano suna hawa arewa. Amma wannan ƙofa ba kullum take buɗe ba. An rufe ta daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, aka sake rufewa a Agusta 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilu 2022, sa'an nan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka kuma rufewa har zuwa Maris 2024. Na'urar da rayuwarta ta dogara ga wani ɗan gilashi da ake kawowa daga ƙetare ba za ta ji daɗin irin wannan ƙofa ba.

Kuɗi ma sun yi nasu aikin. A shekarun 1970, lokacin da arzikin man fetur ya bunƙasa, aka kuma yi ƙarin albashin Udoji a 1974 zuwa 1975, Naira tana da ƙarfin da ma'aikaci zai sayi rediyo mai kaset, mai otal kuma ya sayi kayan kiɗa na Ingila. Daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, darajar Naira ta yi ta faɗuwa, a Janairu 1994 kuma aka rage darajar Sefa da rabi. Ashe ke nan a daidai shekarun da amfilifaya mai ninki da yawa ta cika ta batse a Amurka, watau tsakanin 1987 da 1992, a lokacin ne aljihun makaɗin Katsina da na Maraɗi ya fi bushewa.

5.0 Lasifika ta riga jita zuwa

Ƙarin sauti bai shigo ƙasar Hausa ta hannun makaɗan jita ba, ta hannun hukuma ya shigo. A 1944 gwamnatin mulkin mallaka ta buɗe tashar rarraba shirye-shiryen rediyo ta waya a Kano, inda ake kafa akwatunan lasifika a gidaje da wuraren taruwar jama'a. Motocin majigi su ma da amsa-kuwwarsu suke shiga ƙauyuka. A shekarun 1950 jam'iyyun NEPU da NPC suka ɗora lasifika a kan mota suna zagaya kasuwanni. BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Rediyon Nijar ta fara aiki a 1958, Rediyon Kaduna kuma a 1962. Daga nan lasifika ta hau hasumiyar masallaci, kuma bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 wa'azin fili da lasifika da kaset ya ƙara yaɗuwa a ɓangarorin iyakar biyu.

Idan muka dubi wannan jeri za mu ga abu ɗaya ne ya haɗa shi, watau magana. Sanarwa ce, ko lacca, ko kiran salla, ko wa'azi. Saboda haka ma'aunin da Bahaushe ya fara auna amfilifaya da shi shi ne: ana jin abin da ake faɗa daga nesa? Na'urar da ta ci wannan jarrabawa ita ce amfilifayar taro mai taransista, irin ta kamfanin Ahuja na Indiya ko TOA na Japan, tare da lasifikarta mai bakin kakaki. Irin wannan lasifika ba ta fitar da amo mai zurfi, amma tana jefa muryar mutum nesa da 'yar wuta kaɗan, kuma batirin mota ya ishe ta kwana guda.

Makaɗan gargajiya suka karɓi wannan na'ura hannu biyu. Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923 ya rasu a 1999, kalangansa ba sa bukatar taimako, muryarsa ce aka ɗaga bisa kansu. Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa ɗan ƙarami mai tsirkiya ɗaya sai da makirfo ya iya cika babban zaure. Masu kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka su ma sun amfana, domin kayan kiɗan da a da na ɗaki ne da ƙaramin dandali ya zama na fili. A taƙaice, gurbin da jita mai lantarki ta cike a wasu ƙasashe, watau na abin kiɗa mai tsirkiya da ke kuka bisa kan ganguna, a ƙasar Hausa kukuma da goge sun riga sun zauna a cikinsa.

6.0 Jita daga kudu, jita daga arewa

Jita mai lantarki ta tunkaro yankinmu ta fuska biyu. Daga kudu, Bobby Benson ya dawo Ikko daga Ingila a 1947 ya shiga sahun farko na masu kaɗa ta, makaɗan juju da na hailaif suka ɗauka, har ta iso otal-otal na Sabon Garin Kano da Kaduna da Jos. Bayan yaƙin basasa ƙungiyoyin samari irin su BLO da Ofege da Funkees sun yi kiɗa mai kaushi ƙwarai a shekarun 1970, wanda ke nuna cewa amon ya shigo Nijeriya da wuri. A Arewa kuwa Bala Miller, wanda ya rasu a 2003, ya kafa babbar ƙungiya a Kaduna yana waƙa da Hausa bisa kayan kiɗan zamani. Sai dai jita ta zo da tambarin otal da gidan rawa a goshinta, wannan kuwa ya rage mata farin jini a gidajen mutunci, ya kuma ƙara ƙuntata mata bayan da jihohin Arewa, ciki har da Katsina, suka ƙaddamar da shari'a a shekara ta 2000.

A Nijar hukuma ce ta riƙe hannun kiɗan zamani. A zamanin Janar Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, an raya ƙungiyoyin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa, aka kafa gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu na Tawa, a 1989 kuma aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa mai sunan Alhaji Taya a Yamai. Daga wannan yanayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya fito, wanda ya ɗora waƙoƙin Hausa masu tushe a bori bisa jita da gangunan zamani, ya fitar da faifai tare da Moussa Poussy a 1994, kasusuwansa suka tsallako iyaka suka cika kasuwannin Katsina da Kano kafin rasuwarsa a haɗarin mota a 2008. Wanda ya saurari kiɗansa zai ji jitar garau take, tana rakiyar murya kamar 'yan amshi.

Can arewa, a ƙasar Abzin, labarin ya sha bamban. Samarin Buzaye da fari ya kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980 suka ɗauki jita suka mai da ita bakinsu. Ƙungiyar Tinariwen ta 'yan Mali ita ce ta share fage, a Nijar kuma Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ne jagora, kasusuwansa suna yawo hannu da hannu a lokacin tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Bayan sulhu jita ta zama kiɗan biki a Agadas. Faya-fayan da wani kamfanin Amurka ya fitar na ƙungiyar Inerane a 2007 da ta Bombino a 2009 cike suke da kaushi, amma ba kaushin kwalba mai tsada ba ne. Na ƙananan akwatuna ne da aka murɗe har ƙarshe a fili, bisa batir ko janareta, don a ji jitar bisa kan tafi da guɗa. Abin da ya faru a Landan a 1964 shi ya sake faruwa a Agadas: gazawar na'ura ta zama salo.

Tarihin Mdou Moctar, ɗan yankin Tawa, shi ya fi haɗa mana zaren. Da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko. Faifansa na farko kuwa a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, a irin ɗakunan da ake naɗar waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar inji da na'urar lanƙwasa murya. Waƙoƙin suka yaɗu ta wayar hannu har suka kai kunnen Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, wanda ya sa ɗaya a faifan da ya fitar a 2011. Sai da ya fara zagaya Turai da Amurka, inda wuta ba ta ɗaukewa, sa'an nan kiɗansa ya koma mai tsananin ƙara da kaushi kamar yadda ake ji a faya-fayansa na 2019 da 2021 da 2024. Makaɗi ɗaya ne, hannu ɗaya ne, wurin da ya tsaya ne ya sauya amon.

Shi kuwa birnin Kano, tun daga 1990 da aka fara finafinan bidiyo na Hausa, fiyanon Yamaha ya karɓe fage, domin mutum ɗaya da akwati ɗaya zai kwaikwayi kalangu da sarewa da jita baki ɗaya. Daga baya kwamfuta ta karɓa daga hannun fiyano. Wannan ya rufe wa amfilifayar jita ƙofar da ta rage.

7.0 Masu baki a cikin zaɓe

Yanzu za mu iya komawa Farfaru mu tambaya: mai hayar kayan sauti a irin wannan wuri, da me yake auna abin da zai saya?

Na farko wuta. Nijeriya da Nijar duk suna kan bolt 220 zuwa 240, alhali kayan da aka ƙera don kasuwar Amurka na bolt 120 ne, saboda haka tsohuwar amfilifayar da ta zo a kwantena tana iya ƙonewa ranar farko in ba a sa mata taransifoma ba. Nijar ta daɗe tana sayen wuta daga Nijeriya, ta layin Birnin Kabi zuwa Yamai tun 1976, da layin da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa yana ciyar da Maraɗi da Damagaram, kuma an yanke wannan wuta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. A ƙauye kuwa janareta ne ko batir ko hasken rana. Kwalba ba ta son wutar da ke hawa tana sauka: in ta yi ƙasa sautin ya yi laushi, in ta yi sama zaren ya tsufa da wuri.

Na biyu hanya da yanayi. Amfilifaya mai wat 100 ita kaɗai tana kai kilo 20, ban da akwatin lasifikarta, kuma cikinta gilashi ne. Bayan babur da ramukan hanya ba abokan gilashi ba ne. Ga zafin bazara da ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, ita kuwa na'urar da ma zafi take fitarwa.

Na uku mai gyara. Manyan kwalabe suna ƙarewa da aiki kamar tayar mota, dole a sauya su a kuma daidaita wutarsu. Masana'antun da suka rage suna yin su kaɗan ne, a Rasha da Sulobakiya da Sin, kuma a 2022, da yaƙin Yukiren ya taɓa fitar da kaya daga Rasha, har makaɗan Amurka sai da suka ji a jikinsu. Tsofaffin masu gyaran rediyo da suka san kwalba sun yi ƙaranci, yaransu taransista da wayar hannu suka koya. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na huɗu, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne kunne. Kuskure ne a ce Bahaushe ba ya son kaushi. Shi ne ya ɗaura wa ganga zaga don ta yi zuza, ya sa wa garaya ceba don ta yi caccaka, kuma kukan goge kansa gurzar izga ce bisa izga. Amma duk wannan kaushi a ƙarƙashin magana yake zama. Mawaƙin Hausa da kalma yake cin abinci: sunan ubangida, da kirarinsa, da asalinsa, da habaici ga abokin hamayyarsa. Duk na'urar da za ta binne sunan wanda ake wasawa ta kashe wa makaɗi kasuwa. Amfilifaya mai ninki da yawa kuwa amonta yana zaune ne daidai inda muryar mutum take, tana gogayya da ita.

Bisa ga haka, mai aiki da yawa a bakin mutumin Jibiya ita ce wadda za ta yi ɗaurin aure da safe, ta yi wa'azi da la'asar, ta yi kiɗan 'yan mata da dare, gobe a ɗora ta a mota a yi tallan magani ko na jam'iyya, in ta lalace kuma a gyara ta a bakin kasuwa kafin azahar. Rashin tsaron da ya addabi ƙasar Jibiya tun ƙarshen shekarun 2010, wanda ya rage tarukan dare ya kuma tashi wasu ƙauyuka, ya ƙara wa wannan ma'auni ƙarfi, domin kayan da za a iya kwashewa cikin hanzari sun fi waɗanda sai mutum biyu sun ɗauka.

8.0 Kammalawa da shawarwari

Mun ga cewa amfilifaya mai kwalba 'yar wani muhalli ce, kuma rashin zamanta a tsakanin Katsina da Maraɗi ba alamar ci baya ba ne. Zaɓe ne da jama'a suka yi bisa wutarsu da hanyarsu da aljihunsu da kuma matsayin da suka ba kalma a cikin kiɗa. Mun kuma ga cewa inda jita ta zama ita ce mai magana, kamar a Agadas, kaushi ya samu ko da babu kwalba.

Wannan yana da amfani ga kwalejojin ilimi da sassan jami'a da ke koyar da kiɗa da wasan kwaikwayo, domin kuɗin kayan aiki kaɗan ne, kuma sau da yawa akan sayi abin da aka gani a hoto a bar abin da ɗalibi zai tarar a makarantar da za a tura shi. Shawararmu ta farko ita ce a fara da amfilifayar taro mai kyau da makirfo da suka dace da goge da kukuma da gurmi da kalangu, a koya wa ɗalibai yadda za su ɗaga su ba tare da sun danne murya ba. Ta biyu, inda ake koyar da jita, amfilifaya mai taransista da ƙaramin akwatin kaushi na ƙafa sun wadatar. Ta uku, in har sashe yana da ɗakin naɗar sauti da wuta tsayayya, yana kuma son ɗalibai su san amon kwalba na ainihi, to a nemi ƙarama mai wat 15 zuwa 30, mai ƙofa biyu, wadda aka ƙera don bolt 230, mai amfani da kwalaben da aka fi samu irin su 12AX7 da EL84 ko 6L6. Bambancin ƙara tsakanin wat 50 da wat 100 ɗan kaɗan ne a kunne, nauyi da kuɗi ne kawai ke ƙaruwa. A haɗa ta da na'urar daidaita wuta, a bar ta ta yi ɗumi kafin a kaɗa, kada a kunna ta ba a jona lasifika ba domin taransifomarta na iya ƙonewa, kuma kada wanda bai ƙware ba ya buɗe cikinta, saboda tana riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe ta.

Shawara ta ƙarshe ta shafi mu manazarta. Masu hayar lasifika da masu gyaran rediyo da masu naɗar kaset na Jibiya da Katsina da Maraɗi su ne suka ɗauki muryoyin makaɗanmu suka kai su inda ƙafa ba ta kai ba, kuma tsofaffin cikinsu suna ta ƙarewa. Lalle ne a tura ɗalibai su zauna da su, su rubuta irin kayan da suka yi aiki da su, da inda suka saye su, da makaɗan da suka yi wa hidima, tun kafin a nemi mai ba da labarin a rasa.